Jan Ruwan Gagare da Abin da Ya Narke a Cikinsa

Duk wanda ya ga Gulbin Gagare ya cika ya batse a Ƙauran Namoda cikin watan Agusta, ruwan ja jawur, zai ɗauka a lokacin ne kowane ƙoƙon ruwansa ya fi yawan sinadarai. Ba haka lamarin yake ba. Jan da ido ke gani laka ce da yashi, aikin zaizaya. Abin da ya narke a ruwa kuwa ba shi da launi, kuma ruɓewar dutse ce ke samar da shi.

Gagare da Bunsuru, wanda ya ratsa ƙasar Zurmi, duk daga tsohon dutse mai tauri suka taso, dangin giranit. Ruwan sama kan haɗu da iskar kabon da ke cikin ƙasa ya yi ɗan tsami, sai ya riƙa cin wani ma'adini da ake kira felsfa a hankali. Felsfa ya koma yumɓu, ya saki sodiyam da kalsiyam da fotasiyam. Ƙanƙarar dutse ba ta ciwuwa, ita ce yashin da ya shimfiɗe gulbi. Wannan aiki yana son ruwa ya daɗe yana kwance jikin dutse, ambaliya kuwa ba ta zama. Shi ya sa ruwan damina, duk kaurinsa, tsarma ne. Ruwan da ake tona rami a yashin gulbi da rani a kwarfa da ƙoƙo, ga shi garau, amma ya shafe watanni yana jiƙa dutse, don haka ya fi na damina narkakken ma'adini.

A 1992 masu bincike Raymo da Ruddiman sun kafa hujja da tsaunukan Himalaya cewa zaizaya tana tone sabon dutse, ruɓewa ta ƙaru. A can hujjar ta zauna. Nan ba mu da irin wannan gangare, yawancin abin da damina ke kwasa ƙasar gona ce da ta riga ta ruɓe tuntuni, ba sauran abin narkewa sosai a jikinta. Laka ce kawai ke tafiya, ta kwanta a fadamu ko bayan madatsar Goronyo.

Wajen Shinkafi gulaben sun bar dutse sun hau shimfiɗar yashi da tsakuwa ta Gundumi, inda ruwa ke nutsewa ƙasa. Mai binciken da ya ɗebi ruwa sau ɗaya, da damina, a gada ɗaya, ya ce ya auna Gagare, bai auna ba. Sai ya ɗiba sama da wannan iyaka da ƙasanta, damina da rani.