Gora, Dalma da Na'ura: Tarihin Awon Zurfin Tafkin Chadi

Tun kafin a san na'urar awon zurfi, matuƙan Tafkin Chadi, wanda kifinsa ke cika kasuwar Tashar Baga a Maiduguri, da gora suke sanin ruwansu. Gora ita ce doguwar sandar da matuƙi ke kafawa a ƙasan ruwa yana tura jirgi, kuma a hannun Buduma, mazauna tsibirai waɗanda a da suke ɗaure jiragensu da ciyawar tafkin, aiki biyu take yi a lokaci guda, domin iyakar inda ruwa ya jiƙa ta shi ne zurfin, yadda ta nutse kuma ke nuna ko yashi ne a ƙasa ko laka mai riƙe jirgi. Akan faɗi awon da kamu ko da gaba, wato tsawon hannuwa biyu a miƙe.

A manyan tekuna kuwa igiya ake saki mai dunƙulen dalma a baki, a shafa kitse a gindin dalmar don ta ɗauko abin da ke ƙasa, har zuwa 1913 da Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar na'urar da ke aika sauti ƙasan ruwa ta lissafa lokacin dawowar amsa-kuwwa. A Tafkin Chadi kuwa, Bature na farko da ya ratsa shi cikin jirgi shi ne Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, wanda aka ɗauko masa jirgi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga Tarabulus, ya shiga ruwa a 1851, ya rasu kusa da Kukawa a 1852. Abin da ya tarar, wanda ayarin Jean Tilho na Faransa ya tabbatar tsakanin 1906 da 1909, shi ne tafki mai faɗin gaske wanda zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba.

A irin wannan ruwa awo ba ya daɗewa yana da amfani, tunda Kogin Shari, wanda ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa, in ya gaza shekara guda sai gaɓa ta ja baya da kilomitoci masu yawa. Tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya rabu biyu a farin 1973, kuma babban aikin noman rani na New Marte, wanda Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Maiduguri ta gina bisa matakin ruwa na shekarun yalwa, ya wayi gari bakin magudanarsa a tudu. Abin takaici ne cewa an dogara da alƙaluman 'yan shekaru, alhali rubuce-rubucen Tilho sun riga sun nuna yadda tafkin ke cika yana ƙafewa. Tun 1992 taurarin ɗan'adam ke auna matakin ruwan daga sama, amma ba sa nuna wa masuncin Doron Baga hanyar da kwalekwale mai lodin banda zai bi tsakanin ciyayi, shi ya sa ko jirgi mai inji ba ya tashi sai da gora a ciki.