Kanikawan Ƙofar Ruwa da Man Rake

Kano ta san ƙarfe tun kafin jirgin ƙasa ya iso ta a 1911. Maƙera sun daɗe a gindin Dala, don haka da mota ta shigo, garin da ya saba da zuga-zugi bai sha wahalar kama sifana ba. Ƙofar Ruwa, ɗaya daga ƙofofin ganuwa, yau an fi saninta da kasuwar kayan gyaran mota. A garejin da ke kewayenta aka laƙanci Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, daga baya aka ƙware a kan motocin Kwatano. Darasin wannan tarihi shi ne, bakaniken Kano yakan bi man da ke kasuwa ne ya gyara inji daidai da shi. Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, nan da nan masu gyara suka shiga mayar da janareta kan gas ɗin girki, domin ana sayar da gas a kowace unguwa.

To me ya hana a mayar da mota kan itanol, man da ake tacewa daga rake ko rogo? Aikin bai fi ƙarfin gareji ba. Ana faɗaɗa kafar da mai ke bi a kafireta, saboda ƙarfin litar itanol ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ana sauya tiyo da robobin da yake ci, a kula da tanki domin yana jan ruwa, a kuma yi dabarar tayar da inji da sanyin asubar hunturu. Abin da ya gagara shi ne man kansa. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar gauraya fetur da itanol kashi 10 cikin 100, amma direban Kano bai ga famfonsa a gidan mai ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Brazil ta tabbatar da haka ta fuska biyu. Bayan tashin farashin mai na 1973, ta kafa shirin man rake a 1975, ta tallafa wa masana'antu, ta kai man gidajen mai, sannan Fiat 147 mai shan itanol zalla ta fito a 1979. Da man ya yi ƙaranci a ƙarshen shekarun 1980, masu saye suka juya wa motocin baya, har sai da aka fito da masu shan kowane mai a 2003.

Wani zai ce ai itanol ɓata inji yake yi, ya kafa hujja da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022. Wancan metanol ne ya yi yawa a cikinsa, aka kuma zuba wa injunan da ba a shirya ba. Laifin na rashin awo ne. Wani kuma zai ce barasa ce. Hukuncin wannan na malamai ne, sai dai ya kamata a sani cewa akan gauraya itanol ɗin mota da fetur tun daga masana'anta don kada ya shawu. Ƙorafi mafi nauyi shi ne na abinci: rogon da ya tafi tanki ya bar kwanon gari. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa maganar ta fi shafar manomi da madatsar Tiga fiye da bakanike. Ranar da gona ta yi rara, famfo ya samu, Ƙofar Ruwa ba za ta jira umarnin kowa ba.