DUTSEN KASTEL NA TSIBIRIN GORE: MI YA HAƊA SHI DA NIJAR?



Mu nan in aka ce Tsibiri, hankalin kowa Tsibirin Gobir yake tahiya. To yau tsibirin gaske za mu, wanda ruwan teku ya kewaye: Gore, kimanin kilomita 3 daga Dakar ta ƙasar Senegal. Ɗan ƙarami ne, tsawonshi mita 900, faɗinshi bai kai 400 ba, babu mota ko guda. A kudancinshi akwai tudun baƙin dutsi da ake kira Kastel. Tsayinshi wajen mita 30 ne kawai, wanda ya taɓa hawan Dala ta Kano dariya zai yi. Amma kullum masu yawon buɗe ido suna bisa hanyarshi, tsakanin itatuwan kuka da masu saida zane-zane, su hau su ɗauki hoto, ga Dakar can ƙetaren ruwa.

Wanga dutsi ya sha canza iyayen gida. 'Yan Fotugal suka fara isowa a 1444. Daga baya 'yan Holan suka gina barikin soja bisa kanshi, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ta sha amshewa tana maidawa har 1817. Dalili guda ne: wanda ya riƙe tudun shi ke ganin duk jirgin da ke shigowa. A ƙarƙashinshi kuwa ana cinikin mutane, har Faransa ta soke bauta a 1848. Masana tarihi suna gardama bisa yawan bayin da suka bi ta Gore, amma babu mai musun an yi. Shi ya sa UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 1978, kuma Gidan Bayi ne wurin da manyan baƙi irin su Mandela da Obama suka ziyarta.

Wannan kowa ya ji shi a lakwal. Abin da ba a cika faɗi ba, shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye.

In ka kai ƙololuwar Kastel za ka tarda manyan igogi sun yi tsatsa. A watan Satumba na 1940, daga 23 zuwa 25, Janar De Gaulle ya zo da jiragen yaƙin Ingila zai amshe Dakar daga hannun Faransawan Vichy, waɗanda suka miƙa wuya ga Jamus. Aka yi masu ruwan wuta daga Dakar da Gore, suka juya. Faɗan nasaru ne tsakaninsu, amma ku duba inda ya faɗo. Lokacin daga Dakar ake mulkin Nijar. Tunda Dakar ta tsaya hannun Vichy, mu ma muka tsaya, har ƙarshen 1942. Ita ko Najeriya tana hannun Ingila. Ke nan iyakar da ke tsakaninmu da Katsina da Sakkwato ta koma iyakar abokan gaba biyu, alhali dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Mai tsoho a gida wanda ya ga zamanin, don Allah ya tambaye shi, ya naɗa da salula tun da sauran lokaci.

Sai kuma lakwal. Daga bisa dutsin, in ka dubi gidajen da ke ƙasa, a cikinsu makarantar William Ponty ta zauna tun 1913, kafin a maida ta Sebikotan a ƙarshen shekarun 1930. Nan nasara yake tara yaran da suka fi ƙoƙari daga duk ƙasashen da ya mallaka a yammacin Afirka, ya horar da su su zama mushe, ko akawu, ko mataimakin likita. Ba shugabanni ya yi niyyar yi ba, ma'aikata yake so. Amma Houphouët-Boigny da Modibo Keita daga nan suka hito. Namu kuwa, Bubu Hama ya gama a 1929, shi ne mushen farko ɗan Nijar da makarantar ta yaye. Diori Hamani ya biyo baya, ya dawo ya koyar a Yamai da Maraɗi, sannan aka kai shi Paris yana koya wa nasaru Hausa da Zabarmanci. Su biyun suna cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN a 1946. Ɗaya ya zama shugaban ƙasa a 1960, ɗaya shugaban majalisar dokoki, kuma rana ɗaya soji suka sauke su, 15 ga Afrilu 1974. A ganina, ko kana yabon mulkinsu ko kana suka, ba ka gane shi sai ka san inda aka sassaƙa su: tsibirin da ko gonar hatsi guda babu, nesa da talakan da za su mulka.

Wanda Allah ya kai Dakar, jirgin ruwa ne daga tasha, minti 20. A gindin dutsin, dab da bakin ruwa, akwai tsohon masallaci na dutsi, ana salla cikinshi har gobe.