Wasiƙar Ofis da Zauren Usenet: Warware Wani Ƙiyasi

Wani malami daga cikin masana kwamfuta ya yi da'awar cewa kamfanin Microsoft ya yi sakaci, har ma rowa, da ya fitar da Outlook a 1997 babu kafar karanta zaurukan Usenet a cikinsa, ya bar ma'aikaci sai ya koma ga Outlook Express, alhali kuwa Netscape Communicator na wannan shekara ya haɗa imel da zaurukan wuri guda.

Hujjarsa ƙiyasi ce: tun da saƙon imel da na zaure sura ɗaya gare su, hukuncinsu ɗaya ne. Sai dai ƙiyasi ba ya inganta sai an yi tarayya a illar hukunci, ita kuwa, a ganina, tana ga wanda zai karanta. Wasiƙar ofis amana ce tsakanin mutanen da suka san juna. Saƙon Usenet kuwa, da zarar ya fita, kwamfutocin jami'o'i da kamfanoni za su yi ta kwafe shi daga ƙasa zuwa ƙasa, umarnin soke shi ba kowa ke bi ba, ga kuma shafin Deja News ya riƙa taskace shi tun 1995, taskar da Google ya saya a 2001. Akawun da hannunsa ya saba da maɓallin amsa, idan aka jera masa ƙofofin biyu a taga ɗaya, da wuya a ce ba a kusantar da shi ga tona asirin maigidansa ba.

Malamin zai ce, kuma da gaskiyarsa, Thunderbird ya daɗe da haɗa su, sannan injiniyoyi sun buƙaci zaurukan taimako na Microsoft kansa, waɗanda ba a rufe ba sai 2010. Wannan ya tilasta mini in taƙaita da'awata: dalilin da ke hannu ya isa a hana kafar ga gama-garin ma'aikata, bai kai ga injiniya ba, balle zaurukan cikin gida, waɗanda manhajar Exchange ta Microsoft ta ɗauka ta ƙa'idar NNTP har fitowar ta 2007. Janyewar Google daga Usenet a Fabrairun 2024 kuwa ba zan kafa hujja da ita ba, domin ƙarancin masu shiga da ambaliyar saƙonnin banza ne suka jawo ta.