BAKANIKE KO MAKANIKI? TARIHIN KALMAR DA TA TASO DAGA GIRKA TA SAUKA A SAKKWATO

Idan mashin ɗinka ya mutu a hanyar kasuwa, wa kake nema: bakanike ko makaniki? Wasu kan ce na biyun ne daidai tun da ya fi kusa da Turanci, na farkon kuwa wai karyewar harshe ce. To, bari mu bi sawun kalmar tun daga tushenta, sannan ka yanke hukunci da kanka.

Kalmar Turanci mechanic da 'yar'uwarta machine uwarsu ɗaya, wato kalmar Girkanci mekhane. Ma'anarta ta farko ita ce dabara, ko wani abin da aka harhaɗa don a cim ma abin da ƙarfin hannu kaɗai ba zai iya ba. A birnin Atina, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, da wannan suna ake kiran ƙugiyar da ke ɗaga ɗan wasan kwaikwayo sama don 'yan kallo su ga kamar yana tashi. Rumawa suka ara ta zama machina a Latin, daga nan ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci.

Lura da wannan ma'ana ta dabara, don Larabawa ma ita suka kama. Da suka fassara littattafan Girkawa, sai suka kira wannan fanni ilimin hiyal, jam'in hila. Eh, hilar nan da ka sani a Hausa, wadda ake cewa wane ya yi wa wane. A ƙarni na 9 wasu 'yan'uwa uku a Bagadaza, waɗanda ake kira Banu Musa, suka rubuta littafi a kan irin waɗannan na'urori, haka ma Aljazari a 1206. Ita kanta kalmar na'ura daga Larabci muka samo ta, kuma asalinta sunan wata babbar ƙafa ce mai juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda ke birnin Hama na Siriya har yau.

A Turanci kuwa, da fari kalmar ba ta da wata alaƙa da mota, don ai babu motar ma. A ƙarni na 16, duk mai cin abinci da aikin hannu shi ne mechanic: masaƙi, maƙeri, magini, kafinta. Akwai kuma raini a ciki, domin manyan Ingila na lokacin suna ganin aikin hannu na talaka ne. A wani wasan Shakespeare da ya rubuta wajen 1595, da reshen wannan kalma aka kira wasu masu sana'a shida cikin ba'a, kuma a cikinsu akwai masaƙi, da tela, da kafinta, har da mai gyaran zugazugi. Da masana'antu suka bunƙasa, darajar sunan ta ɗan ɗaga: a 1823 aka buɗe makarantun yamma masu ɗauke da shi a Gilasgo da Landan don koyar da ma'aikata kimiyya. Zuwan mota ne ya matse ma'anar. Karl Benz ya ƙera motarsa a 1885, kamfanin Ford ya fito da mota mai araha a 1908, sannu a hankali sunan ya koma na mai gyaran inji kaɗai.

Ka ga kenan, da Baturen ƙarni na 16 zai shigo Sakkwato ya ratsa Maƙera Assada, ya ga masaba da awartaki da uwar maƙera, da wannan suna zai kira mutanen da ke wurin. Haka zai kira majema, da marina, da dukawan da ke sarrafa fatar jar akuyar nan da ta yi suna har ƙasashen waje. Amma lokacin da kalmar ta iso mu ta riga ta tsuke. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa na yamma ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929 bai ƙaraso Sakkwato ba. Saboda haka kaya da mutane sai a mota, mota kuwa ba ta rabuwa da mai gyara. Sabuwar sana'a ta shigo da kayan aikinta, sifana da filaya da jak, ta kuma shigo da sunanta, kamar yadda kafinta da birkila da direba suka shigo.

Yanzu ga inda nahawu ya shigo, ka buɗe kunne. Hausa tana da hanyoyi biyu sanannu na raɗa wa mai sana'a suna.

Ta farko ita ce ɗafa ma- a gaban aikatau: ƙera ta ba da maƙeri da maƙera, jeme ta ba da majemi da majema, rina ta ba da marini da marina, saƙa ta ba da masaƙi da masaƙa.

Ta biyu ita ce ɗafa ba- a tilo, a jam'i kuma a cire shi a kawo -awa, kamar Basakkwace da Sakkwatawa. A sana'a muna da baduku da dukawa, sana'ar kuma dukanci. Akwai kuma bafada da fadawa da fadanci.

Da Bahaushe ya ji kalmar Bature, ya gyara ta daidai da bakinsa ta zama makaniki, gaɓar farko sai ta yi kama da ma- ɗin maƙeri. Amma kamar ta tsaya a nan. Maƙeri yana ƙera, marini yana rina, shi kuwa makaniki ba ya "kanika", don babu wannan aikatau a Hausa. Shi ya sa jam'insa bai bi sahun maƙera ba, sai aka ce makanikai. Gidan ba- kuwa ba ya neman aikatau, saiwar suna kawai yake so. Sai aka ɗauki kanik- a matsayin saiwa, aka sami bakanike, da kanikawa, da kanikanci, daidai da baduku, dukawa, dukanci. Wato harshen ya yanke wa baƙuwar kalma gaɓar da a Girkanci jikinta ce, ya sa mata tasa. Wannan ba kuskure ba ne fa, alama ce ta cewa kalmar ta zama 'yar gida.

Ita ma machine ta sha nata gyaran, amma a ma'ana. A Turanci tana nufin kowace irin na'ura, a bakin Bahaushen Nijeriya kuwa idan aka ce mashin, babur ake nufi, wanda ɗan kabu-kabu ke ɗaukar ka a kai daga tasha zuwa gida. Sauran aikin an raba wa wasu kalmomi: na ɗinki keke ne, na niƙa inji ne, kwamfuta kuwa na'ura ce.

Ga kuma wani abu da za ka so ka riƙe. Kalmar engine ta shigo a matsayin injin, sai kunnen Bahaushe ya ji -n ɗin ƙarshe kamar na mallaka, irin na "gidan Audu". Aka cire shi, aka sami inji: inji ya lalace, injin niƙa ya tsaya. Mashin bai bi wannan hanya ba, kuma da ya bi, da ya yi karo da mashi, makamin mayaƙa. Don haka idan ka rubuta "mashin Audu", mai karatu na iya ɗauka makami kake nufi. Idan babur ne, rubuta "mashin ɗin Audu". Kada kuma ka haɗa inji na niƙa da "in ji" na ruwaito magana. Na biyun kalmomi biyu ne, a rabe ake rubuta su: "Gobe zan gama, in ji bakanike."

To, wanne za ka yi amfani da shi? Duka biyun Hausa ne, sai dai ka daidaita tilo da jam'i: makaniki da makanikai, bakanike da kanikawa. Sunan sana'ar kuwa kanikanci ne. Wanda ya ce maka bakanike gurɓatacciyar kalma ce, tambaye shi ko baduku ma haka ne.

Ku a garinku wanne aka fi faɗa? Mutanen Ƙwanni da Maraɗi, inda aka fi aro daga Faransanci, muna son jin naku.