Gulbin Zamfara da Tafkunan Fadamarsa a Yankin Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun Gulbin Zamfara har zuwa mahaɗarsa da Gulbin Sakkwato, tana nuna cewa tafkunan fadama da ruwan da ke ƙarƙashinta duk jikin gulbin ne, don haka tare ya kamata a auna su, a kuma kula da su.

Hanyar Gulbin

Gulbin ya taso daga tuddan Jihar Zamfara, ya nausa yamma ta ƙasar Anka da Gummi, ya shigo Jihar Kebbi ya ratsa Jega, inda ake kiransa Gulbin Gindi. Daga nan ya zube cikin Gulbin Sakkwato a kudu maso yammacin Birnin Kebbi, su biyun suka gangara Gulbin Neja.

A gabas kan tsohon dutse yake gudu, ruwan sama ba ya samun wurin nutsewa, sai ya kwararo da ƙarfi. Da ya iso kwarin Sakkwato mai yashi da laka, sai gudunsa ya lafa, fadama ta buɗe, ya riƙa karkacewa yana sauya makwanci.

Tafkuna da Ruwan Ƙasa

Nan ne gundarin batun. A watan Agusta da Satumba gulbi kan cika ya tumbatsa, ya malale tsofaffin makwantansa da duk wani gurbi. Idan ya janye, sai ya bar tafkuna. Kifi na hayayyafa a cikinsu, makiyaya na shayarwa, ruwansu kuma na tsatsafowa ƙasa a hankali yana ciyar da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, waɗanda suka yaɗu bayan fara shirin Fadama na Bankin Duniya a 1993. Shinkafar rani da ta bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin rancen manoma a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 da wannan ruwa take rayuwa. Albasar Aliero da lambunan Maiyama ma ban-ruwa suke jira, ko da gonar ba ta bakin gaɓa.

Wani abin lura: babu babbar madatsa irin ta Bakolori ko Goronyo a kan wannan gulbi. Ambaliyarsa ta ɗabi'a ce, mai kawo taki, mai kuma cinye shuka, kamar yadda manoman Kebbi suka ɗanɗana a 2020. Sare itatuwa da haƙar zinari a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta hallaka yara a 2010, dalili ne na binciken lakar da ke sauka a tafkunan.

Shawara

Bai dace a ci gaba da cike tafki don faɗaɗa gona ba tare da sanin abin da rijiyoyi za su rasa ba. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ce mafi kusa da wannan fadama. Ya kamata ta zana taswirar tafkunan, ta kafa ma'aunin ruwa a gadar Jega, ta riƙa auna zurfin rijiyoyi damina da rani.