Ulu da Dutse: Nazarin Tarihin Gidan Zuhudu na Fountains Ta Fuskar Kufansa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kufan gidan zuhudu na Fountains da ke kwarin kogin Skell, kusa da garin Ripon a arewacin Ingila. Hujjarta ita ce, girman gine-ginen da suka rage da yadda aka tsara su sun fi bayyana tarihin tattalin arzikin gidan fiye da aƙidar gudun duniya da aka kafa shi a kanta.

Kafuwa

A shekarar 1132 wasu 'yan zuhudu 13 suka fice daga gidan St Mary da ke birnin York, suna ganin an sassauta dokar Benedict. Babban Bishop Thurstan ya ba su fili a kwarin Skell. A 1135 aka karɓe su cikin ɗariƙar Sistashiyan, wadda aka kafa a Sito ta ƙasar Faransa a 1098, suka zama reshen gidan Clairvaux na Bernard. Talauci ya kusa tarwatsa su, sai shigowar Hugh, tsohon babban limami a cocin York, da dukiyarsa da littattafansa ya tsayar da gidan.

Ɓangaren yamma

Duk mai son fahimtar Fountains sai ya fara da dogon ginin da ke yamma da farfajiya. Ƙasansa rumbu ne mai rufin baka-baka, tsawonsa ya kai mita 90, ginshiƙai jere a tsakiya, ƙarshensa na kudu kuma ya haye kan kogin. Nan ake adana kaya, nan ne kuma wurin cin abincin 'yan'uwa ma'aikata, ɗakin kwanansu yana sama. Waɗannan mutane sun ɗauki alkawarin zuhudu, amma galibinsu ba su da karatu, kuma ba sa zama sahu ɗaya da masu waƙar ibada a coci. Su ne ke kula da gandayen gidan da garkunan tumakinsa har cikin tsaunukan Craven. Abin lura ne cewa masaukinsu ya fi na 'yan zuhudun kansu girma.

Ulun tumakin nan 'yan kasuwar Italiya da Flanders ke saye. A ƙarni na 13 gidan ya riƙa karɓar kuɗin ulun shekaru masu zuwa tun ba a yi aski ba, kamar manomin da ya sayar da hatsinsa tun yana gona. Da ƙazuwa ta faɗa wa tumakin, bashin da ke kan gidan ya haura fam 6,000 a 1291. Hare-haren mutanen Sikotland bayan 1314 da annobar 1348 zuwa 1349 suka ƙarasa tsarin ma'aikatan, aka koma bayar da gandaye haya.

Hasumiyar Huby da rushewa

Majalisar ɗariƙar ta haramta hasumiyar dutse tun 1157. Duk da haka Marmaduke Huby, shugaban gidan daga 1495 zuwa 1526, ya gina wadda ta kai kusan mita 49, har ya sa aka sassaƙa haruffan sunansa a jiki. Ganin wannan a matsayin lalacewar aƙida kawai gajeren nazari ne. Shaida ce cewa kuɗin haya ya farfaɗo da gidan. A ƙidayar 1535 kuɗin shigarsa ya haura fam 1,000 a shekara, babu gidan Sistashiyan da ya kai shi a Ingila.

A Nuwamban 1539 shugaba Marmaduke Bradley ya miƙa gidan ga jami'an Sarki Henry na Takwas. Richard Gresham ya saye shi a 1540, aka kwashe dalmar rufin da katako da gilasai. Daga baya Stephen Proctor ya ɗebi duwatsu ya gina Fountains Hall.

Dole mai bincike ya yi hattara da abin da idonsa ke gani a yau. William Aislabie, wanda ya sayi wurin a 1767, ya share ɓaraguzai, ya baje ƙasa, ya mayar da kufan abin kallo a lambun Studley Royal. Da lambun da kufan tare UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1986.